Ruwa Ya Yi Gyara? Bango Da Damina A Tungar Guru Da Maƙwabtanta

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar marka ta kankama a watan Agusta, labari iri ɗaya ake ji daga garuruwa da ƙauyukan yammacin Zamfara: katangar wane ta faɗi, soron wane ya rufta, rumbun wane ya zauna da sauran hatsi a ciki. Bahaushe kuwa, saboda ladabinsa ga rahamar Ubangiji, ba ya cewa ruwa ya yi ɓarna, sai ya ce ruwa ya yi gyara. Wannan lafazi yana da kyau ta fuskar tarbiyya, domin ruwan da ya rushe ɗaki shi ne ya raya gero da dawa. Amma sau da yawa lafazin yakan zama mafaka. Da an faɗe shi sai a rufe magana, a kwashe ɓaraguzai, a jira baɗi, ba wanda zai tsaya ya tambayi dalilin da ya sa wannan ɗaki ya faɗi alhali na kusa da shi, wanda ruwa ɗaya ya daka, yana nan tsaye.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, gini ba ya faɗuwa dare ɗaya. Daren da ya faɗi, ƙarshen wata doguwar jinya ce wadda rana da iska da ruwa suka yi shekaru suna yi masa, masu gida suna gani. Ginin ƙasa da hannun mai shi yake rayuwa, ran da hannun ya janye kuwa, ran nan aka fara lissafin kwanakinsa. An zaɓi a kafa hujja da Tungar Guru, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Bukkuyum, domin abin da ya faru can da maƙwabtansa na ƙasar Anka a shekarar 2010 ya nuna wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato ƙasar da damina ta kankare daga bango ba ɓacewa take yi ba, tsakar gida take komawa, inda yara ke rarrafe.

Yadda Shekara Ke Cin Bango

Kafin a ɗora wa kowa laifi, ya kamata a san yadda cutar ke shiga. Ƙasar gini haɗi ce ta yashi da 'yar tsakuwa da yumɓu, yumɓun nan kuwa shi ne ke riƙe sauran. Halinsa shi ne ya kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe. Duk wani ƙarfi da rauni na ginin ƙasa daga wannan hali ya samo asali, domin busasshen tubali yana ɗaukar nauyi mai yawa, jiƙaƙƙe kuwa ko yaro ya matsa shi da hannu sai ya lotse.

Aikin yakan fara tun da hunturu. Busasshiyar iskar arewa maso gabas takan zuƙe sauran laimar da ke jikin bango, fatar yaɓe ta tsuke, ta yi ƙananan tsaga kamar zare. Dare ya yi sanyi, rana ta take, bango ya yi ta miƙewa yana motsewa, tsagar tana ƙara baki. Ƙurar da iskar ta kwaso kuma ta kwanta a kan soro, ta haɗu da busasshen ganye da ledoji, ta toshe bakin indararo. Idan bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, katakon rufi ya bushe ya saki ƙusa, sa'an nan iskar farkon damina ta zo ta kware kwano ko ta ɗage jinka. Kafin ɗigon ruwa na fari ya sauka, an riga an buɗe masa ƙofofi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shi ruwan ta hanya uku yake kai hari. Ta farko daga sama: in indararo ya toshe, ko daɓen soro ya lotsa, ruwa ya kwanta, ƙasar rufi ta sha ta yi nauyi, azara ta jiƙa tun daga kanta da ke cikin bango, ta fara ruɓewa inda ido ba ya gani. Ta biyu daga gefe: hadarin wannan ƙasa galibi daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, saboda haka feshin ruwa bangon gabas yake fi duka. Duk wanda ya zaga tsohuwar unguwa zai ga fuskar gabas ta gidaje ta fi ramewa, har kan tubali ya bayyana. Ta uku kuwa, wadda ta fi kisa, daga ƙasa take. Ruwan da ya zubo daga rufi yakan daki ƙasa ya fantsamo gindin katanga, wanda ya kwanta a lungu kuma bango ya riƙa tsotsarsa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Laimar nan takan hau da gishirin ƙasa, da na fitsarin dabbobi, da na makwararar wanka. In ta bushe, gishirin ya daskare a cikin ƙofofin ƙasa, ya tura su, fatar bango ta zama gari tana zuba. Awaki su zo suna lasa suna goga jiki, su ƙarasa aikin. Sannu a hankali gindin katanga ya sirance, samanta na nan da nauyinsa, har ranar da marka ta jiƙa ɗan abin da ya saura.

Da kaka ma gini ba ya hutawa. Laimar da damina ta bari ita gara ke bi ta hau zuwa itacen rufi, ciyawar da ta tsiro a kan soro ta zura saiwa cikin daɓe, saiwar ta bushe ta bar rami yana jiran ruwan baɗi.

Amsar Magabata

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da maginin Hausa na dauri bai sani ba, kuma ga kowace cuta ya tanadi magani. Ba kowace ƙasa yake ɗiba ba, sai ya murza ta a hannu ya san yawan yumɓunta. Yakan kwaɓa ta da ramno ko wata ciyawa, a tattake, a bar ta kwanaki ta ruɓa, domin zaren ciyawar ya ɗaure ta kada ta dare in ta bushe. Yakan haƙa harsashi har ya iske ƙasa mai tauri, ya yi wa katanga gindi mai faɗi tana sirancewa zuwa sama. Da rani yake gini, sahu bayan sahu, ba ya ɗora wani sai na ƙasa ya sha iska. Azarar giginya yake nema, domin gara ba ta cin ta da sauƙi. A bakin soro ya ɗaga rawani, ya fito da indararo mai tsawo yadda ruwa zai faɗi nesa da gindin bango.

Sa'an nan ga abin da za a kira suturar gini. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a kwaɓa da ita a yaɓe bango ya yi jure wa ruwa. Akwai laso, haɗin katsin marina da gashin majema da dafara, wanda masu hali ke shafe soro da rawani da shi. Akwai daɓen da mata ke yi, suna buga ƙasa da madaɓi suna yayyafa ruwan bagaruwa ko na makuba har ta yi santsi da tauri. Rufewa ma, wadda mutanen wannan yanki ke kira ruhewa, ba a aza ta a ƙasa, sai a kan duwatsu, a kifa mata jinka a ka, wato an raba hatsi da laimar ƙasa da ta sama gaba ɗaya.

Amma duk waɗannan dabaru suna rataye ne a kan sharaɗi guda, shi ne a dawo a gyara. Magini bai taɓa alkawarin cewa yaɓensa zai dawwama ba. An yi yaɓe ne domin ya zaizaye a madadin tubali, kamar yadda takalmi ke cinyewa a madadin ƙafa. In an sabunta shi bayan kaka, ko kafin ruwa ya sauka, aka share soro, aka liƙe tsaga, aka yi wa gindin katanga ciko, to damina ta ci rabonta ta wuce. Wannan ne sirrin tsofaffin gine-ginen ƙasa da ake alfahari da su. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu na shekarar 1907 ne, kowace shekara mutanen gari ke fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi, itatuwan da suka fito daga jikinsa kuwa su ne matakan masu yaɓe. Haka hasumiyar Agadas take da irin waɗannan itatuwa. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, da ƙasa aka yi shi. Ƙasar waɗannan wurare ba ta fi ta Bukkuyum albarka ba. Hannun da ke komawa kansu ne bai yanke ba.

Siminti Da Kwano

Wani zai ce ai wannan duk tarihi ne, zamani ya kawo siminti da kwano, sai a huta da wahalar shekara-shekara. Gaskiya ne sun kawo sauƙi, kuma ba mai hankalin da zai ce a yar da su. Kuskuren da ake yi shi ne zaton cewa yanayi ba ya cin su, da kuma ɗora su a kan ginin ƙasa ba tare da sanin halin kowannensu ba.

A ɗauki shafen siminti a kan bangon ƙasa, wanda ya zama ruwan dare a ƙauyuka. Ƙasa tana kumbura tana tsukewa, siminti kuwa ƙanƙararre ne, ba ya bin ta. Ba a daɗe ba sai ya rabu da ita, ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar. Da yaɓen ƙasa ne, da rana ta fito bango ya fitar da laimarsa ya bushe. Amma siminti yakan kulle laimar a ciki, ƙasa ta yi ta narkewa a bayansa, fuskar gida tana ƙyalli. Mai gida ya daina dubawa domin yana ganin ya gama da gyara har abada, sai ranar da shafen ya ɓallo faifai guda, a tarar da kogo a bayansa. Wannan ya fi tsohon yaɓe haɗari, domin shi tsohon yaɓe ba ya ɓoye ciwonsa.

Bulon siminti ma, in an cika masa yashi don a sami riba, ko aka hana shi ruwa lokacin da yake kamawa, da ɗan yatsa ake murje shi, kuma yana tsotsar laima da gishiri kamar ƙasa. Rodin da ke cikin kankare, in ba a lulluɓe shi da kauri ba, iska da laima sukan kai gare shi ya yi tsatsa. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cika wuri, saboda haka sai ta tura kankaren daga ciki ta fasa shi. Kwano yakan fara ci ta ramin ƙusa da wurin haɗi, inda ƙura ke taruwa ta riƙe raɓa. Mafi muni, akan yi rufin kwano mai gajeren baki, ruwan rufi duka ya riƙa zuba daidai gindin katangar ƙasa, wato an ɗauke ruwa daga kan gini an tara masa shi a ƙafa.

Darasin Tungar Guru

Zuwa nan maganar ta dukiya ce da tsoron ruftawa. Tungar Guru ta ƙara mata wani nauyi. A farkon shekarar 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da mace-macen ƙananan yara fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun zinariya da ake haƙowa a daji suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gari, a daka a turmi ko a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida, a wanke a kududdufi. Ƙurar ta bi ƙasa, yara suka kai ta baki da hannuwansu. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka kamu. A wasu wurare an auna dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ke aiki da ita a lokacin ga wurin wasan yara 400 ce.

Maganin da aka yi na ƙasa ne kafin na asibiti, domin ba amfanin a wanke jinin yaro a mai da shi cikin gubar. Gwamnatin Zamfara da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, da tallafin UNICEF da wasu, suka shiga gida-gida ana kankare saman ƙasa, a kai ta rami a binne, a shimfiɗa mai tsabta. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sa'an nan Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru zuwa farkon 2011, aka ƙare da Bagega a 2013. A ƙauyukan takwas an kwashe ƙasa da sharar ma'adinai fiye da mita 27,000 na murabba'in cika, galibi da hannu, kuma har da kududdufai aka yashe.

A nan ne maganar ta haɗu da ta gini. Kududdufi a garin Hausa ramin da aka ɗebi ƙasar gina garin ne. Daga cikinsa ake yin tubali, daga cikinsa ake ɗibar ƙasar yaɓe. Damina ta wanke bango, ƙasar ta zubo tsakar gida, ruwa ya kwashe wani sashe ya mai da shi kududdufi, da rani a sake ɗebowa a mai da ita bango. Da'ira ce da ta yi ɗaruruwan shekaru tana juyawa ba ta cuci kowa ba, domin ƙasar mai tsabta ce. Amma in aka wanke dutsen dalma a kududdufin, ko aka kwaɓa ƙasar da aka niƙa dutse a kanta, to gubar ta shiga da'irar. Dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta ƙone ta, shekaru ba sa rage ta. Bangon da aka gina ko aka yaɓe da irin wannan ƙasa ya zama rumbun guba, kowace damina ta kankaro kaɗan, kowane hunturu ya busar da abin da aka kankaro ya tashe shi ƙura. Ana iya share tsakar gida ƙal, a zuba sabuwar ƙasa, bango ya riƙa mai da hannun agogo baya a hankali.

Saboda haka, a ƙasar da ake haƙar zinariya, tambayar inda aka ɗebo ƙasar yaɓe tambaya ce ta rai da mutuwa, zaizayar bango kuma ta wuce maganar kyan gida. Kuma kada a ɗauka wannan ya tsaya ga ƙauyuka takwas. Annobar dalma irin wannan ta sake ɓulla a jihar Neja a 2015. Duk inda aka kawo dutsen ma'adinai kusa da gida da kududdufi, da'irar tana nan tana jira.

Damina Ta Sauya

Akwai hujja mai ƙarfi da za a iya kawowa a kan ra'ayin wannan maƙala, kuma adalci ne a saurare ta. Ita ce, ruwan yanzu ba irin na da ba ne. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980, damina ta farfaɗo, amma da wani sabon hali. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35 tun daga 1982, ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel, wanda arewacin ƙasar Hausa ke bakinsa, sun ninka sau uku. Ma'ana, ruwan da a da yake sauka a rarrabe, yanzu yakan zubo a sa'o'i kaɗan, fiye da abin da indararo da lungu za su iya kwashewa. Shaidun kuwa ba su da nisa. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, ginin da ake danganta wa Babban Gwani Muhammadu Durugu tun wajen shekarun 1830, ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. A watan Agustan 2024 ambaliya ta auka wa garin Gummi ta raba dubban mutane da gidajensu. A farkon Satumbar 2024 ɗin tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe bayan ruwa mai yawa.

Dole a yarda cewa akwai ruwan da ya fi ƙarfin yaɓe. Katangar ƙasa da ta kwana biyu tsaye cikin ambaliya za ta narke ko da Babban Gwani ne ya gina ta. A garuruwan bakin gulbi irin su Gummi, maganar ta inda aka yi ginin ce, da hanyar ruwa da aka toshe, da kududdufan da aka cike aka yi gidaje a kansu, alhali su ne matattarar ruwan gari. Amma wannan hujja, in aka bi ta zuwa ƙarshe, ƙarfafa ra'ayin take yi. In ruwa ya ƙara ƙarfi, kulawa ce ya kamata ta ƙaru. Abin da ya faru kuwa akasin haka ne, damina ta tsananta a daidai lokacin da hannun gyara ya yi sanyi.

Dalilan sanyin ba duka ne sakaci ba, kuma zalunci ne a ce haka. Samarin da ke yin yaɓe da rani sun tafi ci-rani ko ramin zinariya. Gayya ta ja baya, aikin da a da ake yi da fura da godiya yanzu sai da kuɗi. Giginya da ɗorawa sun yi ƙaranci, marina da yawa sun mutu, katsi ya yi wuya. Fiye da duka, rashin tsaron da ya addabi Zamfara tun shekarun 2010 ya tashi mutane da yawa daga ƙauyukansu a ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi. Gidan ƙasa da aka rufe aka gudu, damina biyu ko uku sun ishe shi, ba sai an sa masa wuta ba. Ranar da masu shi suka dawo, tsibin ƙasa za su tarar, kuma daga wannan tsibi, da kududdufi mafi kusa, za su sake gini.

Abin Da Ya Kamata

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin kare gini na rani ne, kuma mafi yawansa ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Na farko, a ƙauyukan da ake aikin ma'adinai, ya kamata hukumar muhalli ta jiha da ƙananan hukumomi su auna ramukan da ake ɗibar ƙasar gini, a ware masu tsabta a sanar da jama'a, a hana wanke dutse a cikinsu. Na'urar auna dalma a ƙasa, wadda ake riƙewa a hannu, an yi aiki da ita a waɗannan ƙauyuka tun 2010, ba baƙuwa ba ce. Duk wani shirin mai da 'yan gudun hijira gidajensu da bai kula da wannan ba, ya bar baya da ƙura.

Na biyu, a mai da duban gini kafin damina al'ada ta gari, a ƙarƙashin dagatai da masu unguwanni da shugabannin magina, kamar yadda duba-gari ke zagawa a da. A share soro, a buɗe indararo, a duba kan azara, a ƙwanƙwasa shafen siminti a ji ko ya rabu da bango, a fara da masallatai da makarantun allo da ɗakunan da yara ke kwana. Na uku, a sa siminti da kwano inda suke da amfani. Harsashin dutse ko na siminti da ya ɗago sama da inda ruwa ke fantsama, da rufin kwano mai dogon baki da ke jefa ruwa nesa, su ne mafi alherin abin da zamani zai ba katangar ƙasa. Tsakaninsu kuwa a bar ta da yaɓen da zai bar ta ta bushe. Na huɗu, a bar wa ruwa hanyarsa, a daina cike kududdufai ba tare da an yi masa wata mafita ba.

Akwai kuma rabon ɗaliban harshe da al'ada a cikin wannan aiki. Makuba da laso da ramno da rawani kalmomi ne, amma kowace ɗaya tana ɗauke da gwajin da magina suka yi ƙarni bayan ƙarni a ƙarƙashin wannan rana da wannan ruwa. Ƙamus zai adana kalmar, ba zai adana yawan ruwan da ake zubawa, ko kwana nawa ake barin kwaɓi, ko yadda ake gane ƙasa a tafin hannu ba. Wannan yana bakin tsofaffin magina da matan da suka iya daɓe, kuma suna ƙarewa. Ɗalibin da ya fito daga Anka ko Gummi ko Bukkuyum, ya zauna da su ya rubuta abin da suka sani da karin harshensu, ya yi wa nazarin Hausa hidima, ya kuma bar wa injiniyoyi abin da za su gwada su inganta.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce tun ran gini tun ran zane. Ranar da aka zaɓi wurin gini, aka zaɓi ramin da za a ɗebi ƙasa, aka yanke tsawon indararo, ranar aka rubuta yadda gidan zai kwana da marka. Ba laifi a ci gaba da cewa ruwa ya yi gyara, domin ladabi ne mai kyau. Amma bayan an faɗa, sai a zaga bayan ɗaki a duba gindin katanga, a hau soro a duba indararo, a tambayi magini daga wane kududdufi ya ɗebo ƙasar. Mutanen Tungar Guru da maƙwabtansu sun biya wannan darasi da 'ya'yansu, bai kamata a sake biyansa ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba da damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya.